Idan Mai Gadi Ya Kasa Gane 'Yan Gida

 

Yau da wasiƙa za mu fara. Wata baiwar Allah ce ta aiko mana, ƙaninta ya rubuta mata, ta kuma roƙe mu kada mu ambaci sunanta ko garinsu. Ta ce 'yarta mai shekara tara ta kama rama ba gaira ba dalili, ga shan ruwa kamar me, ga fitsarin kwance bayan ta daɗe da daina shi. Da aka kai ta asibiti likita ya ce ciwon sukari ne, kuma allura za a riƙa yi mata kullum. Tun daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba. Uwar miji ta ce ai a danginsu ba a san wannan ciwo ba, daga ɗakin uwar yarinya ya fito. Wata maƙwabciya ta ce alewa da rake ne aka bar yarinya ta yi ta sha. Wasu kuma sun fara kallon abokiyar zama da wani irin ido. A ƙarshen takardar sai ta ce, "Don Allah Anti, ki tambayar mini likitoci, ni na jawo mata?"

'Yar'uwa, amsar a taƙaice ita ce a'a. Amma na san idan na ce a'a na yi shiru, gobe da safe za a sake faɗa miki maganar da aka faɗa jiya, ba ki da abin mayarwa. Saboda haka bari in ba ki dalili. Ni dai ba likita ba ce, aikin jarida na karanta, amma na zauna na bi labarin, kuma duk inda na bi sai in tarar da sunan mutum ɗaya, wani likita Ba'amurke, Farfesa Hugh McDevitt. An haife shi a 1930 a jihar Ohayo, ya rasu a 2022. Shekaru da dama ya yi yana bin tambaya guda: me ya sa jikin wani yake yaƙar abu, jikin wani kuma ya ƙyale shi?

Kafin mu je gare shi, mu fara fahimtar irin ciwon. Kowa ya ji ana cewa garkuwar jiki. A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi da aikinsu shi ne sintiri dare da rana, kamar 'yan gadin unguwa. Idan ƙwayar cuta ta shigo, su kama ta, su kuma ƙera mata makami na musamman da zai zauna a jini yana jiran ranar da za ta dawo. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi, kuma a kan haka allurar rigakafi take aiki. To akwai ranar da mai gadi yake rikicewa, ya ɗaga sanda a kan ɗan gida. Idan ya far wa gaɓɓai, sai yatsu da wuyan hannu su kumbura su sanƙare, musamman da asuba. Wannan shi ne nau'in amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira rumatoyid. Idan ya far wa fata da ƙoda da jini gaba ɗaya, shi ne ciwon lufus. Idan ya far wa abin da ke ba fata launi, sai ta yi fari dabbare-dabbare, har wasu su ɗauka kuturta ce alhali ko kusa ba ita ba ce. Idan kuwa ya far wa wasu 'yan ƙwayoyi da ke cikin wata gaɓa a bayan tumbi, waɗanda ke samar da sinadarin insulin, to shi ne ciwon sukarin yara, irin na 'yar mai wasiƙarmu. Cututtukan da ke cikin wannan dangi sun haura 80.

Da can likitoci ba su yarda jiki zai iya yi wa kansa haka ba. Sai a 1956 aka nuna a fili cewa yana yi, a wurare biyu a shekara guda: Noel Rose da malaminsa Ernest Witebsky a Amurka, da kuma wata likita mace, Deborah Doniach, tare da Ivan Roitt a Landan. Duka sun nuna shi ne a kan ciwon gaɓar nan ta maƙogwaro. Sai tambaya ta gaba ta taso: in haka ne, me ya sa wasu kawai yake samu, kuma me ya sa yake yawan zagayawa a cikin dangi ɗaya?

Nan ne McDevitt ya shigo, kuma ba wannan tambayar ya fita nema ba. Ya gama karatun likita a Jami'ar Harvard a 1955. A 1962 ya tafi Ingila, wata cibiyar binciken lafiya a unguwar Mill Hill ta Landan, ya yi aiki a ƙarƙashin wani masani John Humphrey. Abin da yake so ya gani shi ne inda baƙon abu yake zuwa a jiki bayan an yi allurarsa. Don haka yana bukatar wani abu mai sauƙi da zai iya bin sawunsa. Wani masani a Isra'ila, Michael Sela, ya ba su wani sinadari da aka haɗa a ɗakin bincike, ba daga wata cuta ya fito ba, ƙirar hannu ce. Aka fara gwada shi a jikin zomaye, sai wasu suka ƙera masa makami, wasu kuma suka yi biris da shi kamar ba a yi musu komai ba. Wani da ya ga haka sai ya ce gwaji ya ɓaci, a canza zomaye a ci gaba. Shi kuwa sai abin ya tsaya masa a rai.

Ya koma kan ɓeraye. Su ɓerayen ɗakin bincike ba irin na ɗakin girkinmu ba ne. Ana kiwonsu dangi-dangi, ana haɗa wa da ƙanwa shekara da shekaru, har kowane ɓera a cikin dangin ya zama kamar tagwayen ɗan'uwansa. Ya ɗauki dangi biyu, ɗaya ana kiransa C57, ɗaya CBA, ya yi musu allurar sinadarin nan daidai wa daida. 'Yan C57 suka cika jininsu da makamai, 'yan CBA kuwa ɗan kaɗan suka yi. Kin ga a nan sai mutum ya ce ai CBA ragwaye ne, garkuwarsu ba ta da ƙarfi. To saurari abin da ya biyo baya. Aka canza abu ɗaya tak a cikin haɗin sinadarin, aka sake yin allura, sai magana ta juye: 'yan CBA suka yi ta ƙera makamai, 'yan C57 suka zama su ne masu biris. Ashe ba maganar ƙarfi ko rauni ba ce. Kowane dangi akwai abin da idonsa yake gani, akwai wanda yake wuce shi bai lura ba.

Ya haɗa dangogin biyu aure, ya auna 'ya'ya, ya auna jikoki, sai ya ga halin yana bin tsarin gado tsaf, kamar ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da akalarsa. Shi da Sela suka buga wannan a 1965. Shekara guda bayan haka ya koma Jami'ar Stanford a Kalifoniya, inda ya zauna har ƙarshen aikinsa.

Saura a gano inda wannan ƙwayar gado take zaune. Amsar da ta fito ta ba kowa mamaki. Tun shekarun 1930 wasu masana, Peter Gorer a Landan da George Snell a Amurka, sun gano wasu alamomi a jikin ƙwayoyin halittar ɓera waɗanda su ne ke sa jiki ya ƙi fatar da aka dasa masa daga wani ɓeran. Suka sa musu suna H-2. Kowa ya ɗauka amfaninsu ke nan, su hana dashe kamawa, abin da kuwa ba ya faruwa a daji, don babu ɓeran da ke dasa wa ɗan'uwansa fata. A rubuce-rubucen da McDevitt ya fitar a 1968 da 1969 tare da abokan aikinsa, ya nuna cewa ƙwayar da ke yanke hukuncin a yaƙi abu ko a ƙyale shi tana tafiya ne tare da waɗannan alamomi, inda suka je nan take zuwa. A 1972 ya nuna cewa a tsakiyarsu ma take. Wato alamomin da ake ganin na dashe ne kawai, ashe su ne idon garkuwar jiki.

Mu ma mutane muna da irinsu, ana kiransu HLA. Kuma bari in ɗan ratse, don akwai hannun mata a gano su. Wani likita Bafaranshe, Jean Dausset, shi ya fara bayyana ta farko a 1958. A wannan shekarar wata masaniya a Stanford, Rose Payne, da wani likita a Holan, Jon van Rood, kowa da nasa binciken, suka gano cewa jinin matan da suka haihu da yawa yana ɗauke da makaman da ke gane waɗannan alamomi. Dalili kuwa, jaririn da ke ciki rabin alamominsa na ubansa ne, jikin uwa yana ganinsu baƙi, yana lura da su. Shekaru da dama da jinin irin waɗannan iyaye mata aka riƙa tantance alamomin mutane a duniya. Ke mai 'ya'ya bakwai ko takwas, jininki ya san abin da ya ɗauki masana shekaru kafin su sani.

To yaya waɗannan alamomi suke aiki? Ga misalin da ya zauna mini, kuma na san ba wanda zai fi ku gane shi. Ɗauki jiki a matsayin gari, kowace ƙwayar halitta gida ce, kuma matar gidan ba ta fita. 'Yan sintiri ba sa shiga cikin gida. To ta yaya za su san ko lafiya ake ciki? Sai matar gida ta riƙa ɗibar ɗan abin da ake girkawa a ciki, ta ɗora a faranti, ta miƙo ƙofar gida kamar tallan da kike ɗora wa yarinya. Mai sintiri ya zo wucewa ya leƙa farantin. In abin da ya saba gani ne, ya wuce. In ya ga wani baƙon abu, alamar ɓarawo ya shiga gidan, sai ya busa usur. Alamomin HLA su ne wannan faranti. Kuma farantin kowa da irin ƙirarsa: na wata mai zurfi, na wata shimfiɗaɗɗe, na wata da lungu a gefe. Abin da faranti bai iya riƙewa ba, mai sintiri ba zai taɓa ganinsa ba. Abin da ya faru da ɓerayen CBA ke nan, farantinsu bai riƙe sinadari na farko da kyau ba, amma ya riƙe na biyu.

Wannan misali ba shaci-faɗi ba ne. A 1987 wata matashiyar masaniya, Pamela Bjorkman, tare da malamanta a Harvard, ta fitar da hoton siffar ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, sai ga shi da kwarmi a samansa, da ɗan guntun abu kwance a ciki.

Tun kafin hoton ya fito McDevitt ya riga ya yi lissafinsa. Ya ce in dai faranti ne ke zaɓar abin da za a nuna wa mai gadi, to mai yiwuwa wasu farantan ne ke nuna kayan gida ta yadda mai gadi zai ɗauke su na ɓarawo. A 1971 shi da abokansa suka buga binciken da ya nuna wasu alamomin HLA sun fi yawa a jikin masu lufus. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1973 masana a Landan da kuma Los Anjelis suka gano cewa masu wani ciwo da ke sanƙarar da ƙashin baya, kusan tara cikin goma nasu suna ɗauke da alama guda mai suna B27. Aka samo ta ciwon sukarin yara, aka samo ta rumatoyid, ɗaya bayan ɗaya.

A 1980 aka ba da kyautar Nobel a kan wannan fage. Aka ba Snell, aka ba Dausset, aka ba Baruj Benacerraf, wanda ya gano irin abin da McDevitt ya gano amma a jikin ɓeran Masar, har ma sun rubuta wata shahararriyar maƙala tare a 1972. Ƙa'idar kyautar ba ta wuce mutum uku, sai aka bar McDevitt a waje, kuma masana da yawa sun faɗa a fili cewa ya cancanta. Ni dai da na karanta abin ya ɗan sosa mini rai. Amma shi bai ajiye aiki ba, kuma rubutunsa da ya fi shafar mai wasiƙarmu bayan shekara bakwai ya zo.

A 1987, shi da wasu samari biyu da ke aiki a ɗakin bincikensa, John Todd da John Bell, suka buga wata maƙala a mujallar Nature. Sun ɗauki ɗaya daga cikin farantan nan, mai suna DQ, suka bi ƙirarsa dalla-dalla a jikin masu ciwon sukarin yara da kuma masu lafiya. Shi farantin an shirya shi ne kamar jigida, dutse bayan dutse a zare ɗaya. Sai suka tarar bambancin ya taru a dutse na 57. Idan wani sinadari da ake kira asfatet ne a wannan gurbi, yawanci mutum yana da kariya. Idan wani ne daban ya zauna a wurin, sai lungun farantin ya canza, ya riƙa riƙe wasu guntaye da ba ya riƙewa a da, kuma haɗarin kamuwa ya ƙaru. Dutse ɗaya a cikin jigida. Daga baya an ga labarin ya fi haka faɗi, don akwai sauran gurabe da sauran ƙwayoyin gado da ke da hannu, kuma a wasu al'ummomi kamar Japan lissafin bai fita daidai yadda ya fita a Turawa ba. Duk da haka wani babban bincike da aka yi a 2015 a kan dubban mutane ya sake tabbatar da cewa gurbi na 57 shi ne kan gaba. Alamomin HLA su kaɗai suna ɗauke da kusan rabin abin da ake gada na haɗarin wannan ciwo. Samarin nan biyu kuwa sun zama manyan farfesoshi a Ingila. Todd ya ci gaba da bin ƙwayoyin gadon ciwon sukari tsawon aikinsa, Bell ya riƙe babbar kujerar farfesan likitanci ta Jami'ar Oxford daga 2002 zuwa 2024.

Yanzu mu dawo kan wasiƙa, mu ɗauki maganganun gidan ɗaya-ɗaya.

Maganar cewa daga ɗakin uwa ya fito. Kowane yaro saiti biyu na farantan nan yake da su, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, ba ragi ba ƙari. Kuma haɗari mafi girma yana samun yaron da ya haɗa nau'i biyu masu haɗari, wato kowane ɓangare ya ba da nasa. Uwa lafiya lau, uba lafiya lau, kakanni lafiya lau, amma haɗuwar ce ta zo a haka. Kusan tara cikin goma na yaran da ke kamuwa da wannan ciwo babu mai shi a iyayensu ko 'yan ɗakinsu. In ma za a bi ƙididdiga, an daɗe da lura cewa ɗan da ubansa ke da ciwon ya fi haɗarin kamuwa a kan wanda uwarsa ce ke da shi. Ban faɗi wannan don a mayar da laifi kan dangin miji ba, don babu laifin da za a mayar. Ba wanda ya zaɓi farantin da ya ba ɗansa.

Kada kuma a haɗa shi da sikila. A sikila, in yaro ya karɓi S daga uwa ya karɓi S daga uba, magana ta ƙare, yana da ciwon. A nan ba haka ba ne. Abin da ake gada shiri ne kawai, kamar busasshen itace da ke jiran ashana, kuma mafi yawan masu ɗauke da faranti mai haɗari har su tsufa ba abin da zai same su. Tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda gadonsu iri guda ne sak, sau da yawa ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba. A rumatoyid, wani bincike a Ingila ya tarar cewa in ɗaya yana da shi, kusan 15 cikin 100 ne kawai ɗayan ma yake da shi. Shi ya sa ba a gwajin HLA kafin aure yadda ake gwajin sikila, ba zai gaya wa kowa abin da zai faru ba. Inda gwajin yake da amfani sosai shi ne wajen dashen ƙoda da dashen ɓargo. A tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, damar a sami wanda farantansa suka zo daidai da na maras lafiya ɗaya ce cikin huɗu. A kan wannan dacewa ake dashen ɓargo ga masu sikila, wanda aka fara yi a Nijeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Benin.

Maganar alewa da rake. Wannan ciwo ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Wanda ya fi yawa a manya, mai tafiya da ƙiba da shekaru da rashin motsa jiki, wani ciwo ne daban duk da sunansu ɗaya. Na yara garkuwar jiki ce ta cinye ƙwayoyin da ke yin insulin, a hankali, wani lokaci shekaru kafin a ga alama. Ranar da kika ga yarinya ta fara rama, aikin ya daɗe da yin nisa a ɓoye. Maganar abokiyar zama kuwa, a bar baiwar Allah ta sarara.

Akwai wani abu da ya sa na ga wannan batu namu ne mu mata. A cikin masu irin waɗannan cututtuka gaba ɗaya, kusan huɗu cikin biyar mata ne, a lufus kuwa tara cikin goma, kuma yawanci a shekarun haihuwa yake tasowa. A Amurka da Ingila an ga lufus ya fi kama mata baƙar fata, ya fi kuma yi musu tsanani. Ciwon sukarin yara ne dai bai bambanta mace da namiji sosai ba. Farantan HLA iri ɗaya ne a maza da mata, don haka ba su ne dalilin wannan rinjaye ba. Masana suna duba sinadaran jikin mace da kuma sandar gado ta X, wadda mace ke da biyu namiji ɗaya. Ga kuma wani abin mamaki: mata da yawa masu rumatoyid suna samun sauƙi in suna da juna biyu, bayan haihuwa ciwo ya dawo. A 1993 wata likita a Amurka, Lee Nelson, ta nuna cewa sauƙin ya fi samuwa idan farantan jariri sun bambanta da na uwarsa. To in kin lura gaɓɓanki suna lafawa da ciki, su tashi bayan kin haihu, kada ki tsaya a kan cewa ruwan wankan jego ne bai yi zafi ba. Ki gaya wa likita wannan maganar yadda take.

Wata za ta ce, to me ya sa waɗannan farantai masu jawo ciwo ba su ɓace daga jinin mutane ba? Saboda bambancin nasu shi ne rufin asirinmu. In da farantin kowa iri ɗaya ne, cutar da ta iya ɓuya daga shi sai ta share gari. Wani ɓangare na wannan amsa a nan Afirka ta Yamma aka samo shi. A 1991 Adrian Hill da abokansa suka buga binciken da suka yi a kan yara a Gambiya, inda suka ga masu alamar B53, wadda ta yawaita a yankinmu amma ba ta da yawa a Turai, sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Cikin masu wannan bincike akwai Brian Greenwood, likitan da ya yi shekara goma yana aiki a Zariya daga 1970. Tun a 1968, yana Ibadan, ya rubuta cewa cututtukan da jiki ke yaƙar kansa ba su cika bayyana a asibitin can ba. Yau kuwa likitocin gaɓɓai a Nijeriya suna ganin lufus da rumatoyid a kai a kai. Ni a nawa ganin, mata da yawa suna nan cikin ɗaki da ciwon, ana ce masa sanyi, ana ta jiƙo da turare, ba su taɓa isa gaban wanda zai sa masa suna ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Yaron da ya kama yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ko tururuwa na bin inda ya yi fitsari, a kai shi a auna sukarinsa a ranar, ba sai an jira kasuwa ta ci ba. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, minti kaɗan. In ya fara amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, to ko tsakar dare ne a tafi. Wanda aka ɗora a kan insulin kada a tsayar masa don an sami wani magani, ko don ya yi ƙiba an ga kamar ya warke. Kafin a fara yi wa mutane wannan allura a 1922 a Kanada, yaran da suka kamu ba sa daɗewa. Da ita kuwa suna girma, su yi karatu, su yi aure, su haihu. In babu firji a gida, a tambayi ma'aikatan asibiti yadda ake ajiye ta a tukunyar ƙasa mai sanyi ba tare da ruwa ya shiga kwalbar ba. A 2022 Amurka ta amince da wani magani da ke jinkirta bayyanar ciwon da kimanin shekara biyu ga waɗanda aka gano garkuwarsu ta fara kai hari, amma jinkirtawa yake yi, ba ya maye gurbin insulin ga wadda ciwonta ya riga ya bayyana.

Ke kuma uwargida, in yatsunki na hannu biyu suna kumbura, suna sanƙarewa da safe har ki kasa murɗa tsumma ko ɗaura zani, kuma an yi makonni a haka. Ko gashi yana zuba, ga gyambon baki, ga ƙuraje a kumatu da rana ke tayarwa, ga zazzaɓin da an sha maganin maleriya ya ƙi tafiya. Ko ƙafa da fuska suna kumbura, fitsari yana kumfa. Ko ɓari ya yi ta maimaituwa, to ki zaunar da maigida cikin natsuwa ki lissafa masa su duka, ki nemi ya kai ki babban asibiti. In kin je, ki faɗa wa likita su duka a zama ɗaya, har da waɗanda kike ganin ba su da haɗi da juna, don haɗuwarsu ce ke nuna masa hanya. Akwai magungunan da ke kwantar da mai gadin nan, kuma sun fi aiki in an fara kafin gaɓa ta lanƙwashe ko ƙoda ta taɓu. Maigida, in kana kusa kana ji, da kai ma muke.

Ga mai wasiƙarmu, muna gaida yarinya da jiki, Allah ya ƙara mata lafiya. In Hajiya ta sake tayar da maganar, ki ba ta labarin faranti biyu cikin ladabi, ko ki roƙi maigida ya tafi da ita ranar ganin likita ta ji da kunnenta. Lokaci ya cim mana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.